Maɓallin da Bai Amsa wa Surukina Ba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da ranar da na haska hoton surukina a bango a gaban Hausawan Birmingham, shi kuma yana zaune a gaba, hannunsa a kan linzamin kwamfutata, wato mouse. Har yau in na bi ta Stratford Road nakan sunkuyar da kai, alhali babu wanda ya san ni a titin.

Bari in faro daga tushe. Ni mai haɗa manhaja ne a Manchester. Duk abin da kake dannawa a waya ko a kwamfuta, taga ta buɗe, akwati ya ce ka rubuta sunanka, maɓalli ya ce ka aika, to akwai wani irina da ya zauna ya tsara inda kowanne zai zauna da abin da zai yi in an taɓa shi. Sana'ata ke nan, da ita nake ci da iyali, kuma ba na jin kunyarta a ko'ina sai a gida ɗaya, gidan surukaina da ke unguwar Edgbaston a Birmingham.

Mahaifin matata Nafisa likita ne, ya ajiye aiki. Kowa Baba Dakta yake ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan (sunansa na yanka ba zai fito daga bakina ba, kunyar suruki ta hana, duk da dai za ka ga kunyar ta zo a makare). 'Ya'yansa maza likitoci ne, mijin babbar 'yarsa injiniyan gadoji ne. In baƙi suka zo yakan gabatar da kowa da cikakken aikinsa. In aka zo kaina sai ya ce, "Wannan mijin Nafisa ne. Yana aikin..." ya ɗan tsaya kamar mai laluben makulli a aljihu, sannan ya ce, "kwamfuta." Bai taɓa gaya mini maganar banza ba. Wannan ɗan shirun ne kawai yake ci na, kuma ya daɗe yana ci na.

Tunanin littafin ya zo mini ne daga ɗaliban da ke zuwa karatu daga gida. Kusan duk sabon zuwa sai an turo mini shi, wai yana so ya koyi haɗa manhaja. In na ba su littattafan da ake da su, duk da Turanci suke, kuma duk daga baƙin allo suke farawa, mutum ya yi ta rubuta umarni mako da makonni bai ga abin da zai nuna wa uwarsa ba. Sai na ce zan rubuta nawa da Hausa, wanda ɗan koyo zai yi zama ɗaya ya tashi da taga tasa ta kansa, da maɓallin da in ya danna wani abu zai faru.

To ni a wajen tsara abu ba a bar ni a baya ba. Kafin in rubuta jimla ɗaya na zaɓi sunan littafi, na zaɓi launin bangonsa (shuɗi, na sauya zuwa kore, na dawo shuɗi), na rubuta shafin sadaukarwa har ƙwalla ta zo mini. Na jera babi-babi: yadda ake buɗe taga, yadda ake dasa maɓalli, akwatin rubutu, saƙon gargaɗi, can wajen ƙarshe kuma yadda ake rufe taga. Ka riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa. Na kuma bar shafi biyu fari fat a gaba, na rubuta "Gabatarwa" a sama. Na gaya wa Nafisa ina so Baba Dakta ya rubuta ta ne domin sunansa zai ba littafin nauyi. Gaskiyar magana, so nake ko sau ɗaya ya riƙe abin da na yi a hannunsa ya karanta, ranar da zai sake gabatar da ni kuma ya ƙarasa jimlar ba tare da ya tsaya ba.

A aikinmu akwai wata al'ada. Kafin ka tsara manhaja, sai ka ƙirƙiro mutumin da zai yi amfani da ita a ranka, ka ba shi suna da shekaru da hali, duk abin da za ka yi ka tambayi kanka ko shi zai gane. Ni ban sha wahalar ƙirƙira ba, domin na sha ganin Baba Dakta a gaban kwamfuta. Zai gyara zama, gilashi a ƙarshen hanci, ya danna. Ya ɗan jira. Ya sake dannawa. Ya ɗan jira. Ya danna na uku da ƙarfi, sannan ya janye hannu ya ce, "Wannan abu ba shi da tarbiyya," ya tashi ya bar wurin. Kullum haka yake yi, ba ragi ba ƙari.

Ina da wani aboki, Sagir, yana digiri na uku a nan Manchester. Yakan zo gidanmu ranar Asabar mu yi ta gardama a kan littafin, shi ya ce a fara da lissafi, ni in ce a fara da gaisuwa tunda Bahaushe ba ya fara komai bai gaisa ba. Wata Asabar da rana, muna gwada misalin farko na littafin, sai na kwaikwayi Baba Dakta. Sagir ya yi dariya har ya zame daga kujera. Ka san mutum in aka yi wa shirmensa dariya sai ya ƙara. Na ɗauko alƙalamin zane na zana shi: hula a karkace, gilashi a ƙarshen hanci, farin gemu, yatsa a ɗage. Na naɗi muryata ina faɗin maganar tasa, har da yadda yake jan "tarbiyya" ɗin. Sannan na haɗa su da maɓallin, yadda in mutum ya danna sau uku a jere wata taga za ta fito da hoton, da muryar, da rubutu a ƙasa: "Baba Dakta, sau ɗaya ya isa. Kwamfuta ba kurma ba ce."

Nafisa ta leƙo daga kicin ta ce me muke wa dariya haka. Na rufe kwamfutar na ce maganar aiki ce. Ta dube ni, ta dubi Sagir, ta ce, "Allah ya sa alheri," ta koma.

Da zai tafi Sagir ya ce, "Wallahi ka yi delete ɗin abin nan. Seriously."

Na ce, "Haba, ni yaro ne? Zan cire."

Ban cire ba. Ba ƙi na yi ba, mantawa na yi, domin washegari na koma kan maganar launin bango.

Hausawan Birmingham suna da zaman zumunci wata-wata a wani zaure da suke kamawa a Sparkbrook, bayan shagunan Stratford Road. Iyalai kan zo da kuloli, ɗalibai kan taho daga Perry Barr a bas (ilimi suke cewa ya kawo su, amma idonsu na kan shinkafa), kuma kafin a ci abinci wani yakan tashi ya yi ɗan bayani a kan abin da ya sani. An yi na rajista da likitan unguwa, an yi na nema wa yara makaranta. Na kira shugaban zaman, Alhaji Mudi, wani akanta mai fara'a, na ce a ba ni fili in gabatar da tsarin littafina in ji ra'ayin jama'a. Ya ce bismilla. Ra'ayin jama'a dai na ce, amma ra'ayin mutum ɗaya nake nema, kuma na san ba ya fashin zaman.

Ranar muka taso daga Manchester ni da Nafisa da 'yarmu Amira. Na sa kaftanin Sallah. Aka haɗa kwamfutata da majigi da lasifikar zauren, allo ya cika bango. Baba Dakta yana kujerar farko a layin gaba, abin da ban taɓa gani ba, don shi mutum ne mai son zaman gefe. Na ɗauka alamar nasara ce.

Bayani ya tafi daidai. Na nuna bangon littafi, aka ce masha Allah. Na karanto babi-babi, wata likita ta tambayi ko yara za su iya bi, na amsa. Da na ga ana gyaɗa kai sai nawa kan ya kumbura, na shiga wa'azi. Na ce, "Jama'a, ƙa'idar farko a littafin nan ita ce, mai amfani da manhaja ba ya laifi. In ka ga mutum ya rikice a gaban kwamfuta kada ka yi masa dariya, wanda ya tsara ta shi ne bai iya ba." Har na maimaita, don na ji ta yi daɗin faɗa. Wani ɗalibi yana ɗaukata a waya (an ce mini bidiyon na nan har yau, ban nemi gani ba).

Sai na ce ina neman mutum ɗaya wanda bai san komai a harkar ba, ya zo ya gwada misalin farko. Idona na kan wani ɗalibi da muka shirya da shi tun a bakin ƙofa. Kafin ya ajiye kofinsa, Baba Dakta ya miƙe.

Ya ce, "Ai ni ne ɗan koyon. Littafin namu ne."

Aka yi tafi. Ni kuwa daɗi ya kama ni. Na ja masa kujera da hannu biyu, na rusuna na miƙa masa linzami.

Misalin ba wani abu ba ne. Taga ce da akwati ɗaya da maɓalli ɗaya. Ka rubuta sunanka, ka danna "Gaisa", ta gaishe ka. Amma saboda iyayi na ƙara mata wani abu: sai ta fara leƙa intanet ta ga yanayin garin da kake, in ana ruwa ta ce barka da ruwa, in sanyi ake ta ce ya sanyi. A gidana abin ƙiftawar ido ne. Intanet ɗin zauren nan kuwa, duk wayoyin da ke wurin a kansa suke rataye.

Baba ya rubuta sunansa da yatsa ɗaya, a hankali. Ya gyara zama. Ya danna.

Shiru. Maɓallin ko motsi bai yi ba.

A cikin wannan shirun na tuna. Na san abin da ke kwance a bayan maɓallin nan, na kuma san halin mutumin da ke riƙe da linzamin, don ni na nazarce shi da kaina.

Ya danna na biyu.

To ka gaya mini, ya ake yi? Da ɗalibi ne da na fizge linzamin. Da Sagir ne da na buge hannunsa. Amma suruki? Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba? Iyakar abin da na iya shi ne na ɗan rusuna na ce, "Baba..." da muryar da ni kaina da ƙyar na ji.

Ya ce, "Na'am?" ya danna na uku.

Hoton ya fito. A kwamfutata bai wuce tafin hannu ba, amma a bangon zauren ya fi ƙofa girma. Ga hula, ga gilashi, ga gemu, ga yatsa. Lasifikar da tun farkon zaman take shaƙewa, a wannan lokacin ta ga damar fitowa tangaram: "Wannan abu ba shi da tarbiyyaaa."

Ba wanda ya yi dariya. Da an yi da ya fi mini sauƙi. Na ji cokali ya faɗi a can bayan zaure. Ina cikin tunanin ko in ce wani ne ya yi mini kutse, sai Amira, daga cinyar uwarta, ta ɗaga murya da Turancinta na Manchester, "Mummy, that's Daddy's voice. He's doing Grandad!"

Ta shaida wa zaure muryata ce, kakanta nake kwaikwayo. Shi ke nan, ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Baba Dakta ya dubi hoton. Ya karanta rubutun da ke ƙasa, leɓɓansa na motsi. Sannan ya yi abin da duk mai hankali zai yi, ya kai linzami kan alamar rufewa ya danna. Ka tuna babin rufe taga yana can ƙarshen littafi? Ban kai can ba. Alamar ado ce kawai, ban haɗa ta da komai ba. Abin da ya fi muni, duk dannawar da ta biyo bayan ta uku sabon hoto take haifarwa. Baba biyu suka bayyana a bango, ya sake gwadawa suka ƙaru, kowanne da yatsansa a ɗage, muryata na hawa kan muryata, zaure ya cika da rashin tarbiyya.

Na rufe murfin kwamfutar. Hoton bai tafi ba, majigi ya ci gaba da aikinsa. Na durƙusa na fizge waya daga soket, ashe ta tukunyar shayi ce. Alhaji Mudi, Allah ya saka masa da alheri, ya taso ya tsaya a gaban majigin don ya tare hasken, sai ga hoton surukina ya koma kan farar babbar rigarsa, gilashin daidai tumbinsa. A nan ne wata dattijuwa ta kasa riƙewa, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ƙyar wani ya gano inda ake kashe majigin.

Baba ya saki linzami. Ya sa yatsa ya tura gilashinsa sama har ya zauna daidai idonsa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Bai dube ni ba ya ce, "Ashe ka iya zane." Ya koma kujerarsa. Alhaji Mudi ya ce to jama'a, a yi addu'a a ci abinci. Ni ban ci ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina naɗe wayar da ta riga ta naɗu. Ɗalibin da muka shirya da shi ya zo da farantinsa zai ba ni baki, ya rasa abin faɗa, ya ce, "Amma yallaɓai, gaskiya zanen ya fito." Na ce masa na gode.

A mota, a hanyar komawa gida, Nafisa ba ta ko dube ni ba har muka wuce Stoke. Amira ta yi barci a baya. Ni na fi so a yi faɗan a gama, sai na fara kawo uzuri: wasa ne, tsakanina da Sagir ne, mantawa na yi.

Ta ce, "Ka san me ya sa Baba ya yi retire da wuri?"

Na ce ai cewa ya yi ya gaji.

"Haka ya ce. System aka canja musu a wurin aiki. Komai sai a computer, notes, prescription, komai. Wata rana yana zaune da patient a gabansa abin ya ƙi, ya kira a taimaka masa. Wadda ta zo ko magana ba ta yi masa ba, ta zare mouse ɗin daga hannunsa ta danna ta fita. Patient na kallo. Mutumin da ya koyar da rabin likitocin ward ɗin. Bai gaya wa kowa ba sai Mama."

Ba ta tsaya nan ba.

"Tun da ya ji za ka rubuta littafin nan yake gaya wa abokansa, mijin Nafisa zai rubuta mana da Hausa, zan koya daga farko. Yau tun kafin a buɗe hall ɗin ya je don ya samu gaba." Ta juya tana kallon titi. "Ban taɓa jin kunyar abin da ka yi ba sai yau."

Ba zan yi maka ƙarya ba, wannan ya fi hoton bango zafi. Ni ina can ina ƙorafin ɗan shirun da yake yi in zai gabatar da ni, ashe mutumin jira yake in koya masa.

Ba a zuwa bai wa suruki haƙuri kai tsaye, babba ake sakawa a gaba. Na kira Alhaji Mudi na roƙe shi ya raka ni. Ya yi dariya ya ce, "Ni rigata ta riga ta yi nata. Jeka kai kaɗai, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka." Na kira Sagir ko zan samu mai raba laifi da ni, ya ce shi dai ya faɗa mini, kuma yana da shaida. A ƙarshe Mama, mahaifiyar Nafisa, ta aiko ta bakin 'yarta cewa in zo ranar Asabar, kuma Baba ya ce in taho da kwamfutar. Wannan na ƙarshen ya hana ni sukuni duk makon.

Na hau jirgin ƙasa ni kaɗai. Na same shi a falo. Na cire takalmi na tsuguna a bakin darduma, na fara jawabin da na haddace a hanya. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu.

"Buɗe abin."

Na buɗe, na ɗora a kan teburin gabansa. Ya rubuta sunansa ya danna, taga ta ce barka da ruwa. Ya ƙara dannawa biyu da gangan. Ba abin da ya fito.

"Ina hoton?"

"Na goge shi, Baba."

"Wa ya ce ka goge?"

Mama ta shigo ta ajiye shayi ta fita da sauri, kamar mai gudun a sa ta shaida.

Ya ce, "Zan tambaye ka. In ka je gidan mutum, me kake fara yi?"

"Sallama, Baba."

"In ba a amsa ba?"

"In sake."

"Har sau nawa?"

"Uku."

"Daga nan fa?"

"Sai in juya."

Ya ce, "To."

Ya ɗauki shayinsa ya kurɓa, ya bar ni da "to" ɗin nan na ɗan lokaci. Sannan ya ce, "Na san kwamfuta ba kurma ba ce. Ni ma ba mahaukaci ba ne. In na danna, sallama na yi. Ko mai gida yana bayi, in ya ji sallama yakan yi gyaran murya, ka san ya ji ka, ka tsaya ka jira. Abin naku ko gyaran murya ba ya yi. To ta ina zan san ya ji? In na jira a ce na cika nawa, in na sake a ce ban iya ba." Ya ajiye kofin. "A asibiti ma haka aka yi. Na yi sallama har na gaji, ba a amsa ba, na juya gida."

Bai faɗe ta da fushi ba. Yadda likita ke karanta wa mutum sakamakon gwaji, haka ya faɗe ta. Ni kuwa kunya ta rufe ni fiye da ta zauren, domin wannan abu na san shi. A wurin aiki ba zan bari maɓalli ya fita hannuna ba tare da ya nuna alamar ya ji an danna shi ba. Amma a misalin da na ce na 'yan koyo ne, na samu lokacin sa yanayin gari, na samu lokacin zana surukina, wannan ɗin ne na rasa lokacinsa.

Ya ce hoton in mayar da shi, in sa a littafin, amma in gyara hular, shi tun yana saurayi bai taɓa karkata hula hagu ba. Muryar kuma ya ce in cire, ban iya ba, in ina so shi zai faɗa mini da bakinsa in naɗa. Daga nan ya ce in tashi daga ƙasa in zauna kusa da shi in nuna masa yadda ake dasa maɓalli. Na zauna a ɗofane, rabin jikina a waje. Har la'asar muna kai. Ya dasa nasa da yatsa ɗaya, ya sa masa suna "Shigo", muka sa in an danna shi ya sauya launi ya rubuta "Na ji, ina zuwa." Baba ya danna sau ɗaya. Maɓallin ya amsa. Ya naɗe hannu ya jira, har gaisuwa ta fito. Ya ce, "To, wannan ya samu tarbiyya."

Na koma Manchester na rushe tsarin littafin. Babi na farko yanzu sunansa "Gyaran Murya". Babin rufe taga na dawo da shi kusa da gaba, ba sai na gaya maka dalili ba. Gabatarwa kuwa Baba bai ɓata lokaci ba ya rubuto ta, ta cinye shafi biyun da na ware ta nemi ƙari. A halin da ake ciki ita ce kaɗai ɓangaren littafin da aka kammala.

Burina ma ya cika, ta wata fuskar. Da Ƙaramar Sallah baƙi suka cika falo, ya gabatar da likitoci, ya gabatar da injiniya, ya zo kaina ya ce, "Wannan mijin Nafisa ne, mai zane ne." Bai tsaya ba ko kaɗan. Nafisa ta shige kicin da sauri, na ji dariyarta daga can.

Abin da na koya dai tsohon abu ne. In za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, in da hali kuma kada ka haɗa shi da lasifika. Sai kuma ɗaya. A ranar Sallar Baba ya tambaye ni ina aka kwana a maganar littafi, na ce ana kai. Makon jiya ya kira ni a waya, abin da ba ya yi, ya sake tambaya, na ce ana kai. Biyu ke nan. Na san mutumin, na san abin da yake yi bayan ta uku. Shi ya sa yau da safe na bar maganar launin bango, na tura masa babi na farko yadda yake, da kura-kuransa. Ba littafi ba ne tukuna, amma dai ya ji gyaran murya.